Ma'auni a Cikin Aure

Karatu: Afisawa 5:21-33

A 1978 Elaine Walster da abokan aikinta a Amurka suka koyar cewa ma'aurata sukan auna abin da suka bayar da abin da suka samu. Wanda aka ƙware yakan yi fushi, wanda ya ci riba kuwa lamirinsa yakan dame shi. Amma a 1979 Clark da Mills suka iske rama alheri nan take yakan rage ƙauna.

To, yaya za mu yi? Mu bar ƙidayar namu alheri, mu dubi nauyin da ɗayan yake ɗauke da shi. Mijin da ya ce ƙauna ba ta lissafi, alhali matarsa kaɗai ke wahala, ya mai da Maganar Allah mayafin zalunci.

Tambaya: Wane kaya za ka sauke wa matarka yau?