Abin da aka yafe yana dawowa?

Ƴan uwana ɗalibai, ga wata tambaya. A ce ɗan kasuwa yana bin manomi jikka 100, kuɗin taki da hatsin da ya ba shi bashi da damina. Rigima ta kai gaban mai gari, aka yi sulhu, aka rubuta: manomi zai biya jikka 60 bayan kaka, sauran 40 an yafe. Kaka ta wuce, bai kawo kuɗin ba sai watan Maris. Ɗan kasuwa ya ce alkawari ya tashi, a ba shi 100 ɗinsa cif. Manomi ya ce ai takarda ba ta faɗi rana ba. Wa ke da gaskiya?

Dokar 2015 ta sarautar gargajiya ta ba sarakunanmu ikon sasanta irin wannan rigima, su rubuta abin da aka tsayar. To amma takarda ba ta da baki. Shi ya sa aya ta 1156 ta Code civil, wanda Nijar ta gada daga Faransa, ta umarci alƙali ya nemo abin da mutanen biyu suka nufa tare, kar ya maƙale wa harafi. In shakka ta ƙi gushewa, aya ta 1162 ta ce a sauƙaƙa wa wanda ake bi.

Ni a ganina, kowane cikinsu yana neman cin riba da shirun takarda. "Bayan kaka" a bakin Bahaushe lokacin da hatsi ya shiga rumbu ne, wajen Nuwamba. Manomi ya san haka sarai. Ya saɓa, kuma ya kamata a faɗa mishi gaban mutane, ya ba da haƙuri.

Amma 40 ɗin nan ba za su dawo ba. Da ɗan kasuwa yana nufin jinkiri zai soke yafewa, da ya faɗa gaban shaidu. Bai faɗa ba. An yi mishi godiya, an sa mishi albarka, gari ya ɗauke shi mutumin kirki. Ba zai riƙe wannan suna, kuma ya riƙe kuɗin ba. In kowane jinkiri zai tono tsohon bashi, wa zai ƙara yarda da sulhu?

Mu ƴan lakkal ake kira mu rubuta waɗannan takardu in mun je hutu ƙauye. Kafin kowa ya dangwala yatsa, mu tambaya da ƙarfi: wace rana? In bai biya ba fa? Tambayar tana da nauyi a baki, amma ta fi maƙwabta biyu su daina gaisawa sauƙi.