Shin Hidimar Dabbar Dawa Tana Cikin Hidimar Murid?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ɗan'uwan da ya taɓa tasowa daga Yamai zuwa Maulidin Kiyota ya ratsa Kure, mai nisan kilomita kusan 60 a kan hanyar Dosso. A dajin nan ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka tsira, bayan sun ƙare a sauran ƙasashen yankin. A shekarar 1996 guda 49 kaɗai suka rage, saboda fari da farauta da saran itace. Da aka tsaya tsayin daka wajen kare su, sai adadinsu ya haura 600. A 2018 an ɗauki takwas an kai su gandun dajin Gadabeji, a arewacin jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ɓacewa.

Irin wannan gandu ba ya rayuwa da ma'aikatan gwamnati kawai. Yana buƙatar hannun matasa ƴan sa-kai: masu dashen itatuwa, masu haƙa ramukan rabin wata don tare ruwan sama, masu share layin da ke tsayar da wutar daji, da masu fita da ƴan makaranta su nuna musu gawo da aduwa da magarya da sunayensu. A nan tambaya take tasowa a zawiya: saurayin da ya ba da hutunsa ga wannan aiki, hidima yake yi ko ɓata lokaci?

Masu ganin ɓata lokaci ne suna da hujja mai nauyi. Suna cewa akwai marayu, akwai almajirai marasa abin rufa, akwai masallacin da rufinsa ke yoyo. Sannan raƙumin dawa ba baƙon kirki ba ne a wajen kowa. Yana shiga gona ya cinye wake, ya miƙa wuya ya tsinke mangwaro, alhali doka ta hana manomi ya taɓa shi. Mutumin da ya yi asarar abincin iyalinsa ba zai ji daɗin ganin ɗan birni ya zo yana yabon dabbar da ta yi masa ɓarna ba.

Sai dai addini bai raba rahama gida biyu ba. Ya tabbata a hadisi cewa an gafarta wa wata mata saboda ta shayar da kare mai jin ƙishirwa, wata kuma ta shiga azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Ya kuma tabbata cewa wanda ya dasa itace yana da ladan sadaka duk lokacin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi. Keɓe fili ma yana da asali: Manzon Allah (SAW) ya keɓe kwarin Naƙi'u kusa da Madina don kiwon dawakin Musulmi, ya kuma hana sare itatuwan haramin Madina da korar namun dajinsa. Alƙur'ani mai girma ya sanar cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne, kuma kowane abu yana tasbihi ko da mutum bai fahimta ba. Idan wani jinsi ya ƙare a hannun mutane, to an rufe bakin wata al'umma mai ambaton Allah.

Akwai kuma wani sirri na tarbiyya. Mai yi wa Shehi hidima yana iya samun kallo ko addu'a, mai ciyar da baƙin Maulidi yana jin godiya. Dabbar dawa ba ta godiya. Gawon da aka dasa yau sai bayan shekaru zai yi inuwa, kuma ba wanda zai tuna sunan mai dashen. Zuciya ba ta samun abin da za ta yi taƙama da shi, don haka wurin ya dace da gwada ikhlasi.

Amma hidimar tana da sharuɗɗa. Na farko, kada ta ci lokacin salla ko lazimi ko wazifa, kuma a nemi izinin iyaye da muƙaddami da hukumar gandun, musamman da yake tsaro ya taɓarɓare tun harin Kure na watan Agusta 2020, wanda ya ci rayukan mutum takwas. Na biyu, kada a mayar da ita wasan ɗaukar hoto don Facebook. Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne haƙƙin manomi da makiyayi. Duk wanda ya tausaya wa raƙumin dawa ya wulaƙanta mai gonar wake, bai san ma'anar rahama ba. Ɗan sa-kai na gaskiya yana zama da mutanen ƙauye, ya ji kukansu, ya taya su shingen lambu, ya kai ƙorafinsu gaban hukuma. Itacen da ya dasa a daji shi ma yana rage wa dabbar dalilin shiga gona.

Wanda Kure ko Gadabeji suka yi masa nisa ba shi da uzuri. Ranar 3 ga Agusta ta kowace shekara ana dashe a faɗin Nijar, kuma dashe da yawa yana mutuwa kafin wata damina don ba mai ba shi ruwa. Matasan zawiya guda za su iya ɗaukar nauyin ban-ruwan itatuwa goma har su kafu.

Allah Ya karɓi hidimar bayinSa, ta bayyane da ta ɓoye, albarkacin Annabin rahama (SAW).