Wakilta Ikon Ɗaukar Ma'aikata: A Wuyan Wa Alhaki Yake?

Duk gwamnatin da ma'aikatanta suka kai dubun dubata ba ta da makawa sai ta raba ikon ɗaukar aiki, domin babu wata hukuma guda da za ta zauna a Abuja ta tantance kowane masinja da direba da akawun da ofisoshin tarayya ke buƙata daga Sakkwato zuwa Kalaba. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya yarda da wannan larura, inda sashe na 170 ya ba Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya damar miƙa wani ɓangare na ikonta ga mambobinta ko ga wani jami'in gwamnati, matuƙar Shugaban Ƙasa ya amince, kuma a kan haka ne ma'aikatu ke ɗaukar ƙananan ma'aikata har zuwa mataki na 06 da kansu. Abin da ke da wuyar warwarewa shi ne makomar alhaki bayan ikon ya sauya hannu: shin ya bi ikon ya tafi, ko kuwa yana nan a wuyan wanda ya miƙa?

Malaman fiƙihu sun daɗe da yin tsokaci a kan wannan mas'ala. Al-Mawardi, alƙalin Bagadaza da ya rasu a shekarar 1058, ya raba wazirci gida biyu a littafinsa Al-Ahkam al-Sultaniyya. Akwai wazirin tanfizi, wato mai zartarwa, wanda aikinsa isar da umarni ne kawai ba tare da ya sa ra'ayinsa ba, akwai kuma wazirin tafwili, wato wanda aka sakar wa ragama, yana naɗawa yana saukewa bisa ijtihadinsa. Sai dai sakin ragamar yana tafe da sharaɗi biyu: wajibi ne waziri ya riƙa sanar da shugaba abin da ya zartar da waɗanda ya naɗa, wajibi ne kuma shugaba ya riƙa bin diddigin ayyukan, ya tabbatar da na daidai ya gyara na kuskure, har ma yana da ikon sauke wanda wazirin ya naɗa. Wannan fahimta tana da tushe a aikin Sayyidina Umar, wanda aka ruwaito cewa bai ɗauki zaɓen mutumin kirki da yi masa wasiyya da adalci a matsayin sauke nauyi ba, sai ya duba yadda mutumin ke aiki, shi ya sa yake rubuta dukiyar gwamnoni lokacin naɗa su, yana kuma tura Muhammad ɗan Maslama ya binciki ƙorafin talakawa a kansu.

Hikimar da ke ƙarƙashin wannan ita ce muƙami amana ne, ita kuwa amana ba mallakar wanda ke riƙe da ita ba ce, balle ya yi kyauta da ita ya wanke hannunsa. Gurbin aikin malamin asibiti haƙƙin marasa lafiyar da za su kwanta a gabansa ne, kuma haƙƙin duk wanda ya cancanta ya nema ne. Saboda haka wakilci ba ya ɗauke alhaki daga wani ya ɗora wa wani, ƙara yawan masu amsa tambaya yake yi: wakili zai amsa a kan wanda ya ɗauka, wanda ya wakilta shi kuma zai amsa a kan zaɓen wakilin da kuma sa ido a kansa.

Tarihin gyaran aikin gwamnati a Najeriya ya nuna abin da ke faruwa idan aka ɗauki rabin wannan ƙa'ida aka bar rabi. Dokar soja mai lamba 43 ta 1988, zamanin Janar Babangida, ta mai da minista shugaban zartarwa kuma mai amsa tambaya kan kuɗin ma'aikatarsa, ta sauya babban sakatare zuwa darakta janar wanda ke tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa shi, ta kuma faɗaɗa ikon ma'aikatu a kan ɗauka da ƙarin girma da ladabtarwa. Manufar tana da kyau, domin wanda ke ganin aiki kullum ya fi sanin irin mutumin da aikin ke buƙata, amma ikon ya sauka a hannun masu wucewa alhali idon da zai bi su ya yi rauni. Kwamitin Allison Ayida da aka kafa a 1994 ya ba da shawarar a koma tsohon tsari, aka kuma soke dokar.

Mafi ɗaci shi ne abin da ya faru ranar 15 ga Maris 2014, lokacin jarrabawar ɗaukar ma'aikatan Hukumar Shige da Fice. An ɗanka wa wani kamfani mai zaman kansa karɓar takardun nema, kowane mai nema ya biya naira 1,000, sannan aka tara dubun dubatar matasa rana guda a filayen wasa, sanye da fararen riguna da gajerun wanduna na motsa jiki, suna rungume da takardun shaidar karatunsu. A turmutsutsin da ya auku a ƙofofin filin wasa na Abuja da wasu garuruwa, fiye da mutum goma sun rasa rayukansu. Bayan haka kowane ɓangare ya nuna wani da yatsa, kamar dai yawan hannayen da al'amarin ya bi ta cikinsu ya narkar da laifin, alhali a ma'aunin Al-Mawardi kowane hannu da ya miƙa ikon yana da rabonsa.

Mayar da komai hannun hukuma guda ba magani ba ne, domin jinkiri ma zalunci ne, kuma sayar da gurbi na iya faruwa a babban ofis kamar yadda yake faruwa a ƙarami. Abin da sharaɗin sanarwa da na bibiya ke nufi a yau shi ne a tallata gurbi a fili, jami'in da ya ɗauki ma'aikaci ya rubuta dalilin fifita shi a kan sauran ya sa hannu da sunansa, hukumar da ta wakilta shi ta riƙa ɗaukar fayilolin tana dubawa, ta kuma janye ikon daga ma'aikatar da ta ci amana, wanda aka hana kuma ya san ƙofar da zai kai kukansa.