Shin Tatsuniya Ƙarya Ce?

Kwanan baya ina yi wa jikokina tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a nan Gusau, sai wata maƙwabciyata ta ce, "Haba Hajiya, ƙarya fa kike koya musu." Maganar ta tsaya mini a rai.

Ni dai a ganina, maƙaryaci so yake a gaskata shi don ya cuci wani. Ita kuwa tatsuniya tun daga "ga ta nan ga ta nanku" yaro ya san an shiga duniyar Gizo, da an ce "ƙurunƙus" ya san an fito. To, wa aka yaudara?

Amfaninta shi ne tana wanke mana ido daga sabo. Sau nawa muke wuce dutsen Kwatarkwashi na ƙaramar hukumar Bunguɗu a kan hanyarmu ta zuwa Tsafe, ba mu ko ɗaga kai ba? Amma ki bai wa yaro labarin dutsen da ke buɗewa idan an yi masa magana, gobe zai tsura wa na gaske ido, ya ce, "Kaka, wa ya ajiye shi a nan?" Kun ga, dutsen ƙarya ya kai shi ga tambayar gaskiya, tambayar da ke kai mutum ga tunanin halittar Allah.

Wata za ta ce yaranmu sun ga tashin hankalin 'yan bindiga, me ya sa za a ƙara musu da Dodo? Wannan magana ce mai nauyi. Sai dai tsoron yana nan tun kafin mu buɗe baki. A tatsuniya ne yaro yake jin cewa Auta, ƙaramin kowa, ya fi ƙarfin Dodo da dabara. A zaɓi mai daɗin ƙarshe, a bar mai firgitarwa.

Frank Edgar ya buga tatsuniyoyinmu tun 1911, Ibrahim Yaro Yahaya ma ya tattara wasu a littafinsa Tatsuniyoyi da Wasanni. Amma takarda ba ta kwaikwayon tsamin bakin Gizo, sai uwa. Don Allah yau bayan sallar isha'i a ajiye waya, a shimfiɗa tabarma. Allah ya raya mana zuriya, amin.