Mashayin Taba Da Hakkinsa Wurin Aiki

Karatu: Kubawar Shari'a 24:14-15, Kolosiyawa 4:1

Dukanmu mun san ra'ayin ekklesiya game da taba. Ba mu yabonta, gama jikinmu na Ubangiji ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta shaida taba tana kashe mutane fiye da miliyan 7 kowace shekara. Fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su sha ba, hayaƙin waɗansu suka shaƙa. Amma ga tambaya: ya halatta a hana mutum abincinsa domin yana shan sigari a gidansa?

A ƙasar Amurka an daɗe ana gardama a kan wannan. Cikin shekara ta 2005 wani kamfani mai suna Weyco a jihar Mishigan ya ce ba ya son mashayin taba cikin ma'aikatansa, ko da a gida yake sha. Mutum 4 suka rasa aikinsu domin sun ƙi yarda a gwada su. A wannan shekara kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ɗaukar mashaya. Kamfanoni masu yin haka sun ce kuɗin jinya ya yi yawa. Amma jihohi 29 daga cikin 50 sun kafa doka ta kāre ma'aikaci, kada a kore shi saboda shan taba bayan ya tashi daga aiki.

A Nijeriya dokar taba ta 2015 ta hana sha a ofisoshi da makarantu da asibitoci. Wannan daidai ne. Hayaƙi aka kora daga ɗaki, ba mutum aka kora daga aiki ba. Mu riƙe wannan bambanci da kyau.

Waɗansunmu suna da kanti, waɗansu gona, waɗansu suna kula da leburori ko makaranta. Maigida yana da iko ya ce kada a kunna sigari wurin aikinsa. Amma in akawu ya tsare lissafi da gaskiya, direba ya kai kaya lafiya, da wane dalili za a rage masa albashi, ko a ba wani girman da ya cancance shi? Shari'ar Musa ta umarta a biya matalaucin ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi, ba ta ce a fara binciken halinsa ba. Bulus kuma ya tuna wa iyayengiji su ma suna da Ubangiji a Sama. In mun kori mutum, matarsa da 'ya'yansa ne za su kwana da yunwa, su kuwa ba su sha kome ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai fushi da mai tsegumi suna nan cikin aikinmu, ba mu sallame su ba.

Kai kuma ɗan'uwa mai sha, akwai naka. Kada ka saci lokacin maigidanka kana fita busa hayaƙi, abokan aikinka suna ɗauke da kayanka. Kada ka cuci huhun maƙwabcinka. Ka lissafta kuɗin da kake ƙonewa a wata, ka tuna da kuɗin makarantar yaranka.

Taba sarƙa ce mai wuyar tsinkewa, da yawa sun shiga tun suna samari. Yunwa ba ta tsinke ta, sai haƙuri da addu'a da taimakon likita. Bari mu biya kowa hakkinsa cif, sa'an nan gargaɗinmu zai sami shiga kunnensa.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai adalci da jinƙai. Amin.