Har Abada: Kalmar da Ta Fi Ƙarfin Bakinmu

Kowace Lahadi muna rufe addu'o'inmu da cewa "har abada abadin", mu amsa da Amin, ba tare da mun tsaya mun auna nauyin abin da harshenmu ya ɗauka ba. Wanda ya taɓa zama da ƙamus na Turanci da Italiyanci, yana neman yadda mutanen Italiya suke faɗin abin da ba ya ƙarewa, zai tarar cewa su ma ba su da kalma guda da ta wadatar.

Inda Bature ɗan Ingila zai ce "eternal" ko "everlasting", Ba'italiye zai ce "eterno". Inda aka ce "perpetual", sai ya ce "perpetuo". Kalmar "endless" kuwa takan rabu: wani lokaci "infinito", wani lokaci "senza fine", wato marar ƙarshe, wani lokaci kuma "interminabile", wadda akan ajiye wa abin da ya gundure mutane, kamar wa'azin da ya ƙi ƙarewa alhali rana ta take. Turanci yana bambanta "continuous", abin da ba ya yankewa ko kaɗan, da "continual", abin da yake tsayawa ya sake dawowa. Italiyanci ya haɗa su duka biyun a cikin "continuo". Har ma da abin dariya a ciki: a Italiya ana kiran matar da take kula da gidan Fada "perpetua", daga sunan wata mata a cikin littafin Alessandro Manzoni na shekarar 1827, wadda take yi wa wani limami mai tsoro hidima.

Amma tsakanin "eterno" da "perpetuo" akwai rata mai zurfi, kuma wanda ya fi kowa fayyace ta ya yi haka ne yana tsare. Boetiyus babban ma'aikaci ne a fadar Sarki Tiyodorik. Aka zarge shi da cin amana, aka tsare shi a Pavia, aka kuma kashe shi wajen shekara ta 524. A wannan zaman jira ne ya rubuta littafinsa a kan ta'aziyyar falsafa, inda ya nuna cewa abin da yake ta ci gaba cikin lokaci, ko da bai taɓa tsayawa ba, bai kai ga dawwama ba. Irin wannan abu ya riga ya rasa jiyansa, gobensa kuma ba ta zo hannunsa ba. Dawwama ita ce mallakar rai gaba ɗayansa a lokaci guda, kuma Allah kaɗai ke da ita. Ƙasusuwan Boetiyus suna nan a Pavia, a majami'a guda da na Waliyyi Agustin.

Idan haka ne, iyakar abin da ɗan Adam zai iya shi ne "perpetuo". Ikkilisiya ta san wannan. Sa'ad da Sista ta durƙusa ta ɗauki alkawarinta na ƙarshe, Italiyawa suna kiransa "voti perpetui". Ba ta riƙe shekarunta duka a tafin hannu domin ta miƙa su a rana guda. Tana miƙa su ne ɗaya bayan ɗaya, da safiyar da take jin ƙarfi da wadda ba ta ji. Haka ma mata da miji. Mu da muke zaune cikin iyali mun san cewa amincin aure ya fi kama da "continual" na Turanci: akan yi tuntuɓe, a yi fushi, a yi shiru na kwana biyu, sa'an nan a dawo. Wataƙila Italiyanci bai yi kuskure ba da ya ƙi raba kalmomin nan, gama igiyar da aka ƙulla bayan ta tsinke, igiya ce har yanzu.

Inda tambayar ta yi tsanani shi ne a gidan yari. Ɗaurin rai da rai a Italiya sunansa "ergastolo". A takardar irin wannan ɗaurarre, wurin da ake rubuta ranar ƙarewar hukunci, an daɗe ana rubuta "fine pena: mai", wato ƙarshen hukunci: faufau. Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, tun da ba ta karɓar komai sai kwanan wata, sai aka koma rubuta 31/12/9999. Ita kalmar "mai" ɗin tana da fuska biyu, domin da ita ake tambaya ko abu ya taɓa faruwa, da ita kuma ake cewa ba zai taɓa faruwa ba.

Shin mutum yana da ikon rubuta wa ɗan'uwansa "faufau"? Kada mu yi gaggawar amsawa. A shekarar 1992 'yan Mafiya suka kashe alƙalai biyu, Giovanni Falcone da Paolo Borsellino, da masu tsaronsu, da bama-bamai a Sisili. Bayan haka ne aka tsananta doka, ta yadda a wancan lokacin wanda aka ɗaure saboda irin wannan laifi ba ya samun sassauci sai ya ba hukuma haɗin kai, alhali sauran masu ɗaurin rai da rai suna iya neman saki bisa sharaɗi bayan shekara 26. Iyalan waɗanda aka kashe suna da hujja mai nauyi: nasu rashin ba shi da ranar ƙarewa, don me na mai kisan zai samu? Wanda bai taɓa binne ɗansa ba, bai kamata ya raina wannan magana ba.

Duk da haka muna ganin akwai abin da ya wuce gona da iri a cikin rubuta "faufau". Wanda ya rubuta ta yana cewa ya riga ya ga ƙarshen mutumin, ya san cewa wanda yake a yau shi ne zai kasance bayan shekara 30. Wannan gani ne na wanda yake riƙe da lokaci duka a gabansa, kuma mun riga mun ce ba mu ne ba. Alƙali na iya auna abin da mutum ya yi, yana iya tsare shi muddin yana da haɗari ga jama'a, amma ba ya iya auna tuban da bai zo ba tukuna. Tsarin mulkin Italiya na 1948 kansa, a sashe na 27, ya ce dole hukunci ya nufi gyaran mai laifi, kuma da wuya a gyara mutum domin ranar da aka riga aka ce ba za ta zo ba.

A shekarar 2013 Paparoma Faransis ya soke ɗaurin rai da rai daga dokokin Batikan, a 2014 kuma ya kira shi ɓoyayyen hukuncin kisa. A 2019 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke, a shari'ar Viola, cewa ɗaurin da ya rufe kowace ƙofar sake dubawa ya saɓa wa mutuncin ɗan Adam. Kotun ba ta ba da umurni a saki mutumin ba. Abin da ta nema shi ne a bar wata rana a cikin kalanda da za a iya sake kiransa, a tambaye shi ko ya canja.