Shin Karin Waƙa Yana Da Addini?

Wata 'yar magana ce ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta mu duba tare.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na wata maƙwabciyata Kirista a Zariya. Kullum da sassafe in tana shara, za ki ji tana rera waƙoƙin coci da Hausa, irin na cikin Littafin Waƙoƙi. Wani lokacin kuma 'yan Zumuntar Mata su taru a gidanta da ankonsu, suna buga tulu suna amshi.

Rannan 'yata mai shekara 7 tana tsintar shinkafa, sai ta kama rera karin ɗaya daga cikin waƙoƙin a hanci. Hajiya uwar maigidana ta ji, ta ce, "Ke! Kina zaune yarinya tana waƙar coci? Gobe kuma sai me?" Na ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, zan yi mata faɗa." To amma wallahi da dare barci ya gagare ni, don na rasa faɗan me zan yi mata, tunda ko kalma ɗaya ba ta furta ba.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga ashe kari matafiyi ne. Ku dubi shahararriyar waƙar cocin nan ta Turanci, Amazing Grace. John Newton, mutumin Ingila wanda ya taɓa zama kyaftin ɗin jirgin safarar bayi, shi ya rubuta baitocinta, aka buga su a 1779. Karin da duniya ta san ta da shi kuwa sai a 1835 aka ɗora mata a Amurka. Shekara 56 ke nan tsakani. Mu ma a Kano, a shekarun 1990, masu bandiri sun riƙa ɗauko karin finafinan Indiya suna ɗora wa begen Manzon Allah (SAW). Malamai sun yi ta muhawara a kai, amma wanda ya saurara ya san yabon Annabi yake ji. Ashe baitocin da aka ɗora wa kari su ke nuna inda waƙa ta dosa.

Kada ku ce na raina maganar Hajiya. Tana da gaskiyarta, domin yaro kari yake fara kamawa, baitoci su biyo baya, kuma akwai abin da suke faɗa a waƙoƙinsu wanda ya saɓa wa aƙidarmu. Tsare bakin 'yata daga wannan haƙƙi ne a wuyana. Sai dai abin da ya ba ni kunya, yarinyar nan ta haddace waƙoƙin biki masu habaici da batsa, a gabanmu take yi muna dariya har da tafi. Yaya aka yi muka ji tsoron kari marar baiti, muka kyale baitocin da suke ɓata tarbiyya a tsakar gidanmu?

Bayan wata biyu ɗan maƙwabciyar tawa ya rasu. Na dama kunu na shiga yi mata gaisuwa, na tarar da matan nan zagaye da ita suna rera wannan karin a hankali. Ta riƙe hannuna ta ce, "Maƙwabciya, kin zo?" Sai hawaye suka zubo mini. Imanina yana nan inda yake, kukan uwa ne na ji, kuma duk wadda ta haihu ta san shi.

Da na dawo na zaunar da 'yata na ce, "Waƙar nan ibadarsu ce, mu muna da tamu. Kada ki rera baitocinta, kada kuma in ji kin kwaikwaye ta don tsokana." Ta ce, "To Umma." Waƙoƙin batsar nan kuwa tun ranar na hana su a gidana, kuma da bakina na fara.

'Yar uwa, kafin ki tsawata wa yaro kan abin da ya tsallako katanga, saurari abin da kike rerawa a bakin murhu. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.